Bayan kamen Hotoro: Tambayar da ba ma son yi wa kanmu

A ƙarshen watan Oktoban 2025, Hukumar Hisbah ta Jihar Kano ta sanar da kama mutum 25, maza 18 da mata 7, a wani ɗakin taro da ke Hotoro, bisa zargin shirya auren jinsi. Na san ka ga labarin, don kwana biyu babu abin da ake turawa a Facebook da TikTok sai shi. Kuma ba shi ne farau ba. A Disambar 2022 an kama mutum 19 a kan irin wannan zargi, a Janairun 2015 ma an kama 12 a bayan gari. Kullum tafiyar ɗaya ce: a kama, a yi kwana uku ana tsinuwa a shafukan sada zumunta, wani sabon labari ya fito, shi ke nan a manta.

Akwai tambayar da ba a tsayawa a yi. Idan ƙura ta lafa, su waɗannan mutane da ire-irensu, ina suke zuwa in sun kamu da ciwo? Kuma kai da ba ruwanka da harkar, me ya shafe ka?

Kafin ka rufe shafin nan, tsaya ka ji. Ba fatawa na zo bayarwa ba. Matsayin Musulunci kan luwaɗi da maɗigo sananne ne, malamanmu sun yi bayani a kan mumbari, dokar ƙasa ma ta faɗi nata. Maganar yau ta lafiyar jama'a ce, ta ƙanwarka da za a aurar bana, da jaririn da za ta haifa baɗi.

Yadda abin yake a can, da yadda yake a nan

A ƙasashe irin su Amurka akwai cibiyoyi na musamman na waɗannan mutane, da allo a ƙofa da ma'aikata da komai. Ta birnin New York tun 1983 aka kafa ta, daidai lokacin da cutar ƙanjamau ta fara yi musu ɗauki ɗaiɗai. Abin da ake yi a ciki ya haɗa da gwajin jini, da ganin likitan ƙwaƙwalwa, da zaman tattaunawa na masu fama da shaye-shaye, da taimakon yaran da iyayensu suka kora daga gida.

A Najeriya irin wannan cibiya laifi ce. Dokar hana auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla auren, da shekara 10 ga wanda ya yi rajistar ƙungiyarsu, ko ya gudanar da ita, ko ya shiga, ko ya tallafa mata. A Kano kuma ga dokar shari'ar Musulunci da aka kafa tun shekarar 2000, wadda hukuncinta ya fi wannan tsanani. Saboda haka ko ka zagaye Nassarawa GRA layi-layi, daga Gidan Gwamnati har Asibitin Muhammad Abdullahi Wase, ba za ka ga allo irin na New York ba. Babu kuma wani ɗan siyasar Kano da zai tashi ya nemi a kafa.

To amma rashin allo bai nuna babu mutanen ba. Masu cewa Turawa ne suka kawo mana abin jiya-jiya, su tambayi kakanninsu labarin 'yan daudu. Tun kafin a san intanet suna nan a tashoshin mota da bakin kasuwa suna sayar da abinci, suna adashe a tsakaninsu, suna yi wa juna biki da gudummawa, babba ya riƙe ƙarami in ya rasa wurin kwana. Wani masani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano a shekarun 1990, ya fitar da littafi a kansu a 2009. Cikin abin da ya nuna har da cewa ba kowane ɗan daudu ne ke neman maza ba, kuma da yawa cikin masu neman mazan ba 'yan daudu ba ne, magidanta ne da mata da 'ya'ya, ba ka taɓa ganewa a fuska. Riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Abin da alƙaluma ke faɗa

Babban binciken ƙanjamau da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar. A Kano adadin bai kai kashi 1 ba. Alhamdu lillahi. Amma a tsakanin maza masu neman maza lissafin daban ne. Binciken da gwamnatin tarayya ke yi lokaci-lokaci a wasu jihohi ya samu kashi 13.5 a 2007, kashi 17.2 a 2010, kashi 22.9 a 2014, sannan kashi 25 a 2020. Wato mutum ɗaya cikin huɗu. A lokacin da cutar ke ja da baya a wurin sauran jama'a, a wurinsu hawa take yi.

Me ya sa? Wani ɓangare na amsar yanayin jiki ne, ƙwayar ta fi saurin shiga ta wannan hanya. Wani ɓangaren kuma tsoro ne. Mujallar likitoci ta Lancet HIV ta buga wani bincike a 2015 da aka yi a Abuja, inda aka tambayi irin waɗannan maza kafin dokar 2014 da bayanta. Masu cewa suna tsoron zuwa asibiti sun tashi daga kashi 25 zuwa kashi 38. Ka ga wanda ke tsoron asibiti ba zai yi gwaji ba. Wanda bai yi gwaji ba bai san yana ɗauke da ita ba, balle ya sha magani.

A nan ne abin ya shigo gidanku. A garin nan saurayi ba ya kai shekara 35 ba aure a bar shi ya sha ruwa. Gwaggo ta yi magana, kawu ya yi, abokai su sa shi gaba da tsiya. Ko yana so ko ba ya so, ƙarshenta sai an ɗaura. Yarinyar da aka kai masa ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. In yana ɗauke da cutar bai sani ba, ita za ta fara ɗauka. In ta samu ciki ba a gano ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yiwuwar jaririn ya kamu tana tsakanin kashi 15 zuwa 45, alhali da magani ana iya sauko da ita ƙasa da kashi 5. In auren ya mutu ta auri wani, ko shi ya ƙara ta biyu, ka ga zaren ya ci gaba da warwara.

Za ka ce ai Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure a 2024. Gaskiya ne, kuma doka ce mai kyau, ta haɗa ƙanjamau da ciwon hanta da sikila. Sai dai gwajin na gaya maka halin da mutum yake ciki a ranar da aka ɗebi jininsa ne kawai. Abin da zai faru shekara biyu bayan biki, takardar ba ta san shi ba.

Kuɗin da suka tsaya

Shekara da shekaru, abin da ke toshe wannan ɓaraka wasu ƙananan asibitoci ne da aka buɗe a jihohi da dama da sanin hukumomin lafiya, domin rukunin mutanen da cutar ta fi kamawa: mata masu zaman kansu, masu allurar ƙwaya, da maza masu neman maza. Ba su da allo, ba sa tambayar mutum tarihinsa. A gwada shi, a ba shi magani, a haɗa shi da wani mai irin lalurarsa da zai riƙa tuna masa ranar karɓar magani. Hikimar a bayyane take, domin likitoci sun tabbatar da cewa wanda ke shan maganinsa kullum har ƙwayar ta kwanta a jininsa ba ya sa wa matarsa.

Wa ke biya? Mafi yawa Amurka ce, ta shirin PEPFAR da George Bush ya kafa a 2003, sai asusun Global Fund. A Janairun 2025 Donald Trump ya dawo mulki ya dakatar da tallafin ƙasashen waje. Daga baya aka sassauta aka ce a ci gaba da ba masu cutar magani, amma ƙwayar rigakafi da ake ba wanda bai kamu ba aka taƙaita ta ga masu ciki da masu shayarwa. Gwamnatin tarayya ta yi ƙoƙari, a Fabrairun 2025 ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen magani. Amma sayen magani daban, nemo wanda ke ɓuya don a ba shi daban. Wannan aiki na biyu shi ne babu ɗan siyasar da ke son a ji sunansa a ciki.

Ga kuma jita-jita. Ka tuna rikicin yarjejeniyar Samoa a Yulin 2024? Jaridar Daily Trust ta ruwaito cewa Najeriya ta sa hannu a takardar da ke tilasta mata amincewa da auren jinsi. Gari ya ɗauka, aka yi huɗuba, aka yi zanga-zanga. Ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta duba ta ce babu wannan sharaɗi a ciki, hukumar sauraren ƙorafi kan kafafen yaɗa labarai ta ce rahoton ba daidai ba ne, jaridar kuma ta fito ta ba da haƙuri. Tsakani da Allah, mutum nawa cikin waɗanda suka tura labarin farko suka tura na ban haƙurin? A irin wannan yanayi duk ma'aikacin lafiyar da ke bin unguwa da jakar gwaji ya zama abin zargi. Mu Kanawa mun san kuɗin wannan, ba labari aka ba mu ba. A 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da allurar shan inna kusan shekara guda, yara suka shanye, cutar ta tsallaka har wasu ƙasashe.

Doka a hannun wa?

Wani abin da ya kamata mu matasa mu duba shi ne yadda muke mayar da kanmu alƙalai. A Janairun 2014 a Bauchi, taron jama'a suka yi wa kotun shari'a ruwan duwatsu suna neman a miƙo musu waɗanda ake tuhuma, har sai da aka ɗage zaman. Yau ba sai an ɗauki dutse ba, waya ta isa. A ɗauki hoton yaro don tafiyarsa ko muryarsa, a rubuta masa suna, a watsa. Wasu ma sana'a suka mayar da abin: su yaudari mutum a intanet, su ritsa shi, su ƙwace waya da kuɗi, sun san ba zai iya kai ƙara ba. Wannan fashi ne, ko da wane suna aka kira shi.

Shari'ar da muke cewa muna karewa ba haka ta ce a yi ba. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ba a tabbatar da wannan laifi sai da iƙirari ko shaidu huɗu adilai da suka gani da ido, kuma a gaban alƙali. Wanda ya jefi wani da shi ya kasa kawo shaida, shi ne zai sha bulala 80 ta ƙazafi. Ka auna wannan da abin da kake gani a wurin sharhi na Facebook. Mutum nawa ne cikinmu za su tsira?

Abin da za a iya yi ba tare da an taɓa doka ba

Na farko, gwamnatin jiha ta sa kuɗinta a aikin gwaji da bibiyar masu shan magani ta hannun hukumar yaƙi da ƙanjamau ta jiha. In muna cewa ba ma son baƙi su shigo mana da manufarsu, to sai mu biya da aljihunmu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, sirrin mara lafiya ya zama sirri da gaske. A 2014 ɗin da aka yi dokar auren jinsi, a shekarar aka yi dokar hana tsangwamar masu ƙanjamau, wadda ta haramta fallasa sakamakon mutum ba da izininsa ba. Duk wanda ya shiga asibiti, daga na Nassarawa har ƙaramin shan-magani na ƙauye, ya san likita zai gani, ba mai tuhuma ba.

Na uku, Ma'aikatar Lafiya da Hisbah da malamai su zauna su ja layi a fili, a bambance ma'aikacin lafiya da wanda ake zargi da laifi. An yi irin wannan zama a kan shan inna, sarakuna da malamai suka shiga gaba, har aka kai 2020 aka ayyana Najeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

Na huɗu kuma naka ne, ɗan'uwa, da ke 'yar'uwa. Ka je ka yi gwaji, ko da kana ganin ba ka da abin tsoro, don zuwan irinku ne ke sa layin gwaji ya daina zama abin kunya. Hoton da aka turo maka na wani da ake zargi, kada ka tura gaba. In kuma ƙaninka ko abokinka ne ya zo maka da abin da ya fi ƙarfinsa, ka yi masa nasiha yadda addininka ya koya maka, amma kada ka zama sanadin da zai kwana a titi ko ya ji tsoron ganin likita. Korarsa ba ta canja shi, ɓuya kawai take koya masa.

Kana iya ƙin aikin mutum har cikin zuciyarka, wannan tsakaninka da imaninka ne. Ita dai ƙwayar cuta ba ta tambayar aƙida kafin ta shiga gida, kuma in ta shiga, wadda ke kwance a gadon asibiti sau da yawa ba ita ta aikata komai ba. Allah Ya tsare mu da zuriyarmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.