Ƙarfen Iska Ba Ya Ƙara Wa Mota Ƙarfi

Kwanan baya a Madekali wani direba ya nuna mini ɗan ƙarfe mai fikafikai da ya cusa a bututun iskar motarsa, wai yana ƙara ƙarfi, yana rage shan gazuwal. Na ce masa, malam, an ci kuɗinka.

Inji yana jan iska ne gwargwadon girmansa da gudunsa, ƙarfen nan kuwa tare hanya kawai yake yi. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta bincika na'urori fiye da 100 da ake cewa suna rage shan mai, ba ta samu na kirki ba.

Wasu kuma sukan cire filta ta asali, su sa mai manyan ƙofofi don mota ta yi ƙugi. To, ƙurar hunturu fa? Ita ke cinye ringi da silinda. Malanbil zuwa Kwatano ya fi kilomita 700. In mota ta mutu a daji, shanu ba ruwa ba ciyawa, asarar wa? Tamu ce.

Kafin lodi, a duba filta, in ta toshe a canja. Allah ya kiyaye hanya, amin.