Hoton iyali: mu rataya namu zane, mu riƙe namu kaya

A da idan iyali suna son hoto sai an ci ado an tafi shagon mai hoto, a biya kuɗi, a jira kwanaki kafin a wanke. Yau salula ta shiga hannun kowa. Ranar salla ko ranar suna, yaro ƙarami ma yana ɗaukar gidansu gaba ɗaya. Wannan ci gaba ne, mun yaba. Abin da ba mu yaba ba shi ne irin abin da ake sa wa mutane a baya. Sai ka ga tsohuwar da ba ta taɓa wuce Madawa ba an liƙa mata benayen Dubai. Na'ura ta share rumbu, ta share dogon yaron tsakar gida, ta bar baiwar Allah a ƙasar da ba ta sani ba.

Wani zai ce ai aron kaya domin hoto tsohuwar al'ada ce. Gaskiya ne. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yana ajiye rediyo da agogo da tabarau da alƙalami domin wanda yake so ya riƙe, har babur akwai. Amma labulen da ya fara ratayawa bayan mutane, mayafin gadonsa ne. Daga baya ya koma ga zannuwa masu ado. A 2016 an baje hotunansa a babban zauren Grand Palais na birnin Paris, shekara 15 bayan rasuwarsa. A ganinmu ba rediyon aro ya kai su can ba. Kitson matan ne, da ɗaurin kallabinsu, da yadda zanen jiki ya haɗu da zanen bango. Wanda ya duba ya san mutanen wace ƙasa ce, kuma na wane zamani.

To, mu me muka rasa? Akwai luru da sakala cikin akwatin uwargida. Akwai tabarmar kaba, akwai turmin atamfa da ba a yanka ba. Mutumin unguwar Birni a Damagaram ma ba ya bukatar labule, zanen katangarsa ya isa. A ɗaura igiya, a rataya zanen, a ja shi ya miƙe sarai. Mutane su matso gaba kamar taki 2, domin kada inuwarsu ta faɗa kansa. Kada a ɗauka da tsakar rana, lokacin da ido ke runtsewa, fuska ta yi duhu. A bari sai da hantsi cikin inuwar katanga, ko bayan la'asar. Mai salula ya durƙusa daidai fuskar waɗanda ke zaune.

Sa'an nan kowa ya riƙe abin da aka san shi da shi. Manomi da hauyarsa, maɗinki kusa da kekensa, ɗan makaranta da allo ko littafi, uwargida da ƙwarya da faifai, ga tulun Mirya a gefe. Wasu suna jin kunyar waɗannan kaya, wai na talaka ne. Nan da shekara 50, jikan da bai tarar da kakansa ba, daga hauyar nan zai san abin da ya ciyar da gidan.

Saura abu guda. Hoton da ya kwana cikin salula kawai, ranar da ta faɗa rijiya ko aka sace ta a kasuwa, ya tafi ke nan. A zaɓi guda ko biyu a shekara a kai a wanke a takarda. Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, aikinku ya zo: ku juya bayan hoton ku rubuta sunan kowa daga dama zuwa hagu, da sunan gari, da shekara. Malaman cibiyoyi suna iya mai da wannan darasin rubutu. A yi da fensir mai laushi, domin tawadar bik takan ratsa takarda ta ɓata fuska.