Rajistar masu fyaɗe: ina wanda ya gama zaman kaso zai zauna?

Tun ranar 25 ga Nuwamban 2019 hukumar NAPTIP ke riƙe da rajistar waɗanda kotu ta samu da laifin fyaɗe, bisa dokar VAPP ta 2015. Jihar Gombe ta samu tata dokar a 2022. Sai dai tanadin tarayya jimla ɗaya ce tak: a ajiye rajista, jama'a su iya dubawa. Bai faɗi inda mai laifin zai zauna bayan an sake shi ba, balle yadda za a goge sunansa.

Idan mazauna unguwa irin Gabukka suka ƙi amincewa ya dawo cikinsu, fargabarsu tana da dalili, amma sashe na 41 na kundin tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama inda ya so. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta gwada hana irin waɗannan mutane zama cikin tazarar ƙafa 2,000 daga makarantu. A 2015 kotun ƙolinta ta hana aiwatar da hakan a kan kowa da kowa a yankin San Diego, domin da yawansu sun koma kwanan titi, sa musu ido ya gagara.

Gyaran da ya kamaci Majalisar Tarayya shi ne ba alƙali ikon gindaya sharaɗin zama gwargwadon haɗarin kowane mai laifi, tare da damar neman a sake duba shi.