WAI FIM ƊIN DA YA FI TARBIYYA?

Abin da ya sa na ɗauki biro yau wata gardama ce da ta kaure a gidan suna a unguwarmu, har tuwo ya kusa kamawa a tukunya ba mai lura. Wata yarinya ce da ba ta wuce sha tara ba, ta koma gefe ta ƙura wa wayarta ido tana kallon Labarina, sai wata babbar yayarmu ta ja tsaki ta ce, "Ke kam kin shiga uku. Mu a zamaninmu fim tarbiyya yake koyarwa, ba wannan shirmen naku ba." Kafin ka ce kwabo mata sun ɗauka, wannan ta ce wallahi gaskiya ne, waccan ta ce ai fim ya mutu tun da aka daina kaset. Yarinya ta sunkuyar da kai kamar wadda aka kama da sata.

Ni ko na kasa haƙuri. Na ce, "Yaya, don Allah wane fim ɗin kike nufi?" Ta ce, "Su Sangaya mana, su Wasila, su Mujadala."

To jama'a, mu ji tsoron Allah. Ni ma na kalle su, na kuma so su, har yau in na ji kiɗan Sangaya sai tsigar jikina ta tashi. Amma Wasila da ya fito a 2000 labarin me ne, in ba na matar aure da ta ci amanar mijinta ba? Sangaya na 1999 ai shi ya nuna wa masu shirya fim cewa rawa da waƙa ne ke sayar da kaset, daga nan kowa ya bi sahu. Mujadala kuwa daga fim ɗin Indiya mai suna Dillagi aka ɗauko shi. A ƙarshen shekarar 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai. Don wa aka yi duk wannan? Don finafinan da yau ake kira masu tarbiyya. A lokacin malamai na wa'azi a kansu, iyaye na zagi, mu kuwa muna aiken yaro shagon haya a ɓoye, mu tura kaset ƙarƙashin katifa, mu jira maigida ya fita, muna addu'ar kada NEPA ta ɗauke wuta kaset ya maƙale a cikin bidiyo. Wadda ba ta yi ba ta ɗaga hannu.

Haka in an zo kan na Indiya. Wai na da babu fitsara, babu ta'addanci. Haba! Mu ne fa muka raɗa wa Sanjay Dutt suna Ɗan Daba Mai Lasin, muka kira Dharmendra Sarkin Ƙarfi. A Sholay na 1975 ɗan fashi ya sare wa mutum hannaye biyu, ga rawar da Helen ta taka a gaban 'yan fashin, wadda ko yau aka sa ta a falo sai uwa ta nemi abin rufe wa 'ya'yanta ido. Na yarda akwai irin su Mother India na 1957, inda uwa ta harbe ɗan cikinta saboda ya sace 'yar mutane, wannan kam fim ne da ba a yi kamarsa sau biyu. Sai dai guda nawa ne irinsa? Tarkacen da aka yi tare da shi duk mun manta da su, na kirkin kaɗai muka riƙe, shi ya sa muke ganin kamar da can komai zinare ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne 'yan wasan. Sa'ad da suke tashe babu sunan da ba a kira su da shi ba, ana cewa ba za su auru ba, ana hana 'ya'ya kula su. Allah ya ji ƙan Balaraba Muhammad da ta rasu a haɗarin mota a 2003, da Hauwa Ali Dodo da ta rasu a 2010. Yau bakin da ya zage su shi ke cewa su ne masu kunya da kamun kai, don kawai a sami bulalar da za a tsula wa na yanzu. Wannan ba yabo ba ne, 'yar uwa.

Ni dai a ganina, ba fim ɗin muke kewa ba, ƙuruciyarmu muke kewa, lokacin da ba mu san kuɗin makaranta ba balle ciwon gwiwa.

Kada kuma 'yan mata su ce na ɗaure musu gindi. Na yanzu suna da nasu ciwon. Labarin da da za a gama shi a kaset biyu, yanzu sai a yi ta jan sa zango bayan zango kamar ƙiba a jikin rago, ba gaba ba baya. A Labarina ma har 'yar wasan da ke fitowa a Sumayya aka canza, Nafisa Abdullahi ta fita Fati Washa ta shiga, aka ce mu ci gaba da kallo kamar ba a yi komai ba. Ga gidajen alfarma da motoci da lesuka da ke sa amarya ta raina ɗakinta. Ga kuɗin data, wanda wasunmu daga kuɗin cefane suke yankar sa, mun sani. Duk da haka Daɗin Kowa da aka fara a 2015 ya taɓo almajiranci da shaye-shaye da halin da 'yan gudun hijira ke ciki, Kwana Casa'in ya tone yadda 'yan siyasa ke wasa da talaka. A finafinan soyayyar da muke yabo, wanne ne ya yi wannan?

Bambancin da ya kamata ya dame mu ɗaya ne. Da a falo ake kallo, uwa da 'ya da kishiya da 'yan maƙwabta, in an yi abin kunya wata ta yi salati, wata ta yi tsaki, yarinya ta gane ba daidai ba ne. Yanzu ita kaɗai ce da wayarta cikin bargo, ta toshe kunne. In kin kushe mata abin da take so, kin yi mata ƙaryar naku ya fi tsarki, ba dainawa za ta yi ba, ɓoyewa za ta ƙara yi, kamar yadda kika ɓoye naki kaset ɗin. Ki zauna kusa da ita ku kalla tare, ki ji me ya burge ta, sannan ki faɗi naki.

Da na gama maganata a gidan sunan, Yaya ta harare ni ta ce na cika tsaurin ido. Ba a jima ba sai ga ta ta leƙa wayar yarinyar, ta ce, "Ke matso da ita nan in gani. Wannan ba Baba Ɗan Audu ba ne? Ai ni a wajen da ya karɓe kuɗin nan na tsaya."