Kar a sayar wa 'yan gwangwan akori-kurar Baba

'Yan uwa masu karatu a nan Kudu, in gobara ta ci garejin gida, kar ku yarda a ɗora tsohuwar akori-kura a kilo. Fijo 504 haɗin Kaduna kabureta gare ta, ba kwamfuta ba, kowane bakanike ya san cikinta. A fara duba shasi: in zafi ya lanƙwasa shi, to a haƙura. In lafiyarsa ƙalau, a sake wayarin gaba ɗaya, da tiyon birki da na mai, da tayoyi. Fenti sai a ƙarshe! Motar nan fa ita ke kai masara kasuwa a biya mana kuɗin makaranta. Hutun nan mu zage dantse.