Ruwa ba ya tsami banza: maganar kulor a wuraren wanka

Daga watan Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 a Yamai, jama'a kan yi tururuwa zuwa pisin, wato kwamin wanka na otel-otel. Ruwan da mutane da yawa suka shiga kuwa yana kwasar gumi da dauɗa da ƙwayoyin cutar zawo, da na ido, da na kunne. Abin da ke kashe su shi ne kulor.

Wanda aka fi sani shi ne farin garin nan da masana ke kira ipokulorit na kalsiyom, ƴan kasuwa kuma HTH. Ƙarfinsa ya kai kashi 65 zuwa 70 cikin 100, ya ninka na ruwan jabel nesa ba kusa ba. Amma zuba shi kawai bai wadatar ba, sai an auna. Ƙa'ida ita ce kada kulor ya kasa miligaram 1 cikin kowace lita, ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, ya tsaya tsakanin 7,2 da 7,8. Kwamin da ke cin lita 100.000 yana bukatar wajen garam 150 na garin kafin kulor ya ƙaru da miligaram 1 a lita. Rana tana cinye kulor, garin kuma yana ɗaga pH, saboda haka awon jiya ba ya amfani yau.

Sakaci bai bar ko manya ba. A wasannin Olampik na Riyo, ƙasar Barazil, cikin watan Agusta 2016, ruwan kwamin masu tsalle ya rikiɗe ya koma tsanwa a idon duniya. Masu shirya wasannin sun ce wani sinadari ne aka zuba, ya karya ƙarfin kulor.

Garin kansa yana da haɗari. In ya haɗu da asid yana tada iska mai guba, in ya taɓa mai ko wani irin kulor dabam yana iya kama wuta. A ajiye shi a inuwa, wuri busasshe, a rufe. Garin ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba masa ruwa.

Ya kamata masu otel su buɗe littafin awo na kullum, ma'aikatan kiwon lafiya su riƙa duba shi. Ku kuma masu karatu, in ba ku hango ƙasan kwami ba, kada ku bar ƴaƴanku su shiga.