Tutar Nan Tamu Ce, Kada Mu Ja Jiki



Duk shekara idan ranar 1 ga Oktoba ta matso, sai mu ji wasu daga cikinmu a nan Assakio suna cewa, me ya haɗa mu da bikin tuta alhali kullum ana kiranmu baƙi? Har akwai magidantan da ke hana 'ya'yansu fita maci da 'yan makaranta. Mun san abin da ke cin ransu, domin mu ma yana cin namu. Yaro an haife shi a nan, ubansa a nan, kakansa ma a nan aka binne shi, amma ranar da ya je wani ofishi neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma don shiga makaranta ko neman aiki, sai a ce ya koma garinsu, garin da bai taɓa gani ba. Duk da haka, a ganinmu ƙaurace wa tuta kuskure ne babba.

Mu fara da tarihinta. Wanda ya zana tutar Nijeriya, Michael Taiwo Akinkunmi, Bayarabe ne, kuma yana ɗalibi a birnin Landan ya yi zanen, wato shi ma a lokacin yana zaman baƙunta ne. An zaɓi zanensa a 1959, aka cire hoton jar rana da ya sa a tsakiya, aka bar kore da fari da kore. An fara ɗaga ta ranar 1 ga Oktoba, 1960. Ya rasu a 2023. Koren yana nufin noma da albarkar ƙasa, farin kuma zaman lafiya da haɗin kai. Ku duba da kyau, babu tambarin wata ƙabila ko wani addini a jikinta. Mu da muke noman doya da shinkafa da riɗi, muke kai kaya kasuwa muna biyan haraji, wa zai ce ba mu da rabo a cikin koren nan? Farin kuwa, duk wanda ya ga rikicin da ya auka wa garin nan a 2012 da 2013, ya ga gidaje sun ƙone, mata da yara suna gudun hijira, ya san darajarsa ba sai an gaya masa ba.

Mu da muka koyi karatu da girma a ajin yaƙi da jahilci mun buɗe Kundin Tsarin Mulki na 1999 mun karanta da kanmu. Sashe na 24 ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa girmama tuta da taken ƙasa. A cikin littafin nan dai, sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a cikin ƙasar, sashe na 42 ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko asalin garinsa, sashe na 15 kuma ya wajabta wa gwamnati tabbatar wa kowa cikakken haƙƙin zama a kowane ɓangare na tarayya. To ta yaya za mu yi watsi da sashe na 24, sannan mu ɗauki na 42 mu tafi neman haƙƙi? Wanda ya ƙi zuwa gona, da wane baki zai nemi kaso ranar girbi?

Kada kuma mu manta, ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka ƙirƙiri Jihar Nasarawa daga tsohuwar Jihar Filato. Da yawa daga cikinmu muna nan ranar, da mu aka yi murnar. Saboda haka ranar nan biki biyu ce a wurinmu.

Abin da muke roƙo shi ne, a bar yara su fita maci cikin tsafta, iyaye su je fili su tsaya tare da maƙwabtanmu Alago da Eggon da Tibi da sauran jama'a. Makarantunmu na Islamiyya su kafa tuta mai kyau, a sauya wadda ta koɗe ko ta yage. Bayan biki kuma kowane magidanci ya tabbatar 'ya'yansa suna da takardar haihuwa, manya suna da katin zaɓe da lambar shaidar ɗan ƙasa, a adana rasiɗin haraji da takardun fili. Wanda aka hana wa takarda kada ya yi faɗa, ya zo wurin sakatare a rubuta koke, mu bi shi ta hanyar doka da ladabi.

Masu iya magana sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah ya zaunar da Assakio da Jihar Nasarawa da Nijeriya baki ɗaya lafiya, amin.

Sakataren Ƙungiya